Idon Wahiba da Mayafin Uwar Ango

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ku amsa mana, ko shayin ne ya ƙona muku harshe? Yawwa, ta zo mu ji ta. To ku matso. Sai dai wannan ba irin wadda ake yi wa yara don su yi barci ba ce. A layinmu aka yi ta, nan garin Mahalla, bayan kasuwar zare, a gidan Shahata mai shagon fenti. Rabinta da idona na gani, sauran rabin mai ita ce ta gaya mini da bakinta.

Wahiba yayar Shahata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta yi aure ba, a gidan ƙanin nata take zaune. Kada ku tambaye ni dalili, ba shi ya tara mu ba. Abin da za ku riƙe shi ne hannunta. Idan Wahiba ta ɗauki kwarashi da zaren ulu, sai ka ga furanni suna tsirowa daga cikin yatsunta. Rufin tebur, rufin talabijin, hular sanyin da Shahata yake taƙama da ita a wurin mai shayi, duk nata ne. Amma idan baƙi suka yaba, Awatif matar gidan sai ta karkata kai ta ce, "Mu ne dai muke ɗan taɓawa idan mun sami sarari." Mu! Matar da ko maɓalli ya cire sai ta kira yayar miji.

Da aka sa ranar auren Rihab, babbar 'yarsu, da ɗan Hajiya Fikriyya mai shagunan yadi, sai maganar mayafi ta taso. Kun dai san al'adar unguwarmu: ranar da aka kai kayan amarya aka shimfiɗa wa mata su gani, dole a cikinsu akwai mayafin uwar ango, kuma saƙar hannun amarya ake so. Da shi suruka take auna haƙurin yarinya. Awatif kuwa ta riga ta cika baki a gidan surukan.

"Rihab? Ai da kwarashi a hannu aka haife ta, Hajiya. Za ki ga mayafin da ba a taɓa yafa irinsa a Mahalla ba."

Rihab ɗin da babu abin da yake aiki a hannunta sai babban yatsa, shi ma a kan waya.

Aka sayo ulu mai kyau, ja da kore da ruwan ɗorawa da shuɗi da ruwan hoda, aka zube a gaban Wahiba. Ta karɓa. Ita ta goyi Rihab, tana son ta, kuma ta saba a ci da hannunta a gode wa wani. Ta fara daga tsakiyar wuya, kamar yadda ake fara mayafi mai kusurwa uku, ta riƙa faɗaɗa shi layi bayan layi. Farkon nan nasa, wallahi, ko a aljanna aka yafa maka ba ka ce an rage ka ba.

A lokacin ne aka fara shigo da kayan ɗaki. Firiji, injin wanki, kwalaye na tangaran, barguna. Ina za a ajiye? Ɗakin Yaya mana.

"Na ɗan lokaci ne, Yaya," in ji Awatif. "Ɗakin saman soro ma ya fi iska, ga haske. Mai saƙa ai haske take so."

Aka hau da katifarta can kusa da akurkin kaji.

Hasken bai yi mata amfani ba. Tun kafin nan Wahiba ta lura idan ta kalli ƙwan lantarki sai ta ga bakan gizo ya kewaye shi. Daga baya gefen ganinta ya fara cinyewa, kamar mai leƙe ta cikin bututu: tana ganin abin da yake gabanta, amma kaza za ta wuce ta gefenta ba ta sani ba. Ga ciwon kai a bayan gira, mai nauyi kamar an ɗora dutsen niƙa.

Wata Juma'a likitocin agaji suka zo harabar masallacin unguwa suna duba ido kyauta. Ni na ja ta muka je. Wata likita yarinya mai tabarau ta haska idon, ta sake haskawa, sai na ga fuskarta ta canza.

"Inna, wa yake kula da ke?"

"Ƙanina ne, Allah ya saka masa."

"To ki gaya masa wannan ba farin ruwa ba ne irin na yanar ido, shuɗin ruwa ne. Farin ruwa yana jira, wannan ba ya jira. Jijiyar ganin yake dannewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ku je babban asibiti a garin Tanta a yi miki aiki, ba za a karɓi komai ba. Amma bayan aikin za ki ajiye saƙa na wani lokaci, ba sunkuyo, ba ƙura wa abu ido."

Wahiba ta jira har Shahata ya gama cin abincin rana. Shinkafa da miyar lalo da zomo, na tuna, don ƙamshin har gidana. Ya jingina yana sakace haƙori, ta tsuguna ta gaya masa.

"Ruwa a ido?" Ya yi dariya. "Haba Yaya, ai wannan tsohon zance ne. Kawu Abdul'ati bai yi ba? Sai da aka bar shi ya nuna tukuna aka cire. Ruwan ido kamar ƙurji yake, ba a matsa shi ɗanye."

"Nasa fari ne, Shahata. Ta ce nawa shuɗi ne."

"Fari, shuɗi, duk ruwa ne. Ni da nake sayar da fenti za a koya wa launi? Waɗannan yaran likitocin hannu suke nema su koya a idon mutane."

Awatif tana kwashe kwanuka, kunnenta yana wurin. Da ta ji maganar ajiye saƙa sai cokali ya faɗi daga hannunta.

"A ajiye me? Yaya, ki dubi Allah. Mayafin nan ko rabi bai kai ba. So kike a ce 'yar ƙaninki maƙaryaciya ce a gidan miji tun ba ta shiga ba? A gama biki, ni da kaina zan riƙe hannunki har Tanta."

"Kin ji ko," in ji Shahata. "Kafin nan ma ya nuna sosai."

Ya miƙe ya tafi wurin mai shayi, da hular da ta saƙa masa a ka.

Awatif ba ta bar ta haka ba, kada ku zalunce ta. Ta sayo mata kwalli. Ta kuma riƙa aika mata da ruwan shayi mai sanyi a kofi, wai ta wanke idon, haka kakarta take yi. Idan maƙwabta sun tambaya sai ta dafa ƙirji: "Muna nan muna fama da ita. Ni ko barcin kirki ba na yi saboda idon Yaya." Amma matakalar soron nan ba ta taɓa ganin tafin ƙafarta ba.

Ganin ya ci gaba da tsukewa. Wahiba ta daina sauka cin abinci tun ranar da ta rasa matakala ɗaya ta fasa gwiwa. Sai a aika mata gurasa da wake a faranti, a ajiye a bakin ƙofa. Saƙar dai ba ta tsaya ba, don yatsunta sun san hanya ko babu ido: su ƙirga, su zagaya, su cusa kwarashi inda ya dace. Launi ne kawai yatsa ba ya ji. Ja da kore suka fara zama mata abu ɗaya, toka-toka kamar ruwan wanki.

Ta yi dabara. Ranar da na hau gaishe ta, ta ce, "Maman Hamdi, zo ki ara mini idonki." Na riƙa faɗa mata launi tana rabawa: ja a tukunyar tagulla, kore a kwandon gurasa, ruwan ɗorawa a babbar tasa, shuɗi a tukunyar miya mai hannu ɗaya, ruwan hoda a kaskon suya. Tsofaffin kwanukan gidan ne da aka jibge a soro. Ragowar zaren wasu ayyuka kuwa, baƙi da ruwan ƙasa da su toka, muka ɗaure a buhu muka tura ƙarƙashin gado. Da haka ta ci gaba, tana laluba bakin tukunya ta san abin da ta ɗauko.

Na ce mata, "Wahiba, ki bar wannan abin mu tafi Tanta gobe. Ni zan kai ki."

"In tafi ba da izinin ɗan'uwana ba? A gidan wa zan dawo?"

"Idonki ne fa."

"Saura kaɗan. Yarinyar nan a bayana ta yi wayo."

Na sauko ina zagin su a zuci, amma ban yi komai ba. Haka muke a layin nan, bakinmu ya fi ƙafarmu sauri.

Ana nan sai mazan gidan ango suka ce za su zo cin abinci. Awatif ta tashi da girkin nuna isa: agwagwa, kabeji mai cushen shinkafa, gasasshiyar taliya. Tukwane suka kasa. A ranar ce ta fara hawa soron nan, tana haki tana riƙe ƙugu.

"Au, ashe nan tukwanena suka maƙale! Yaya, tukunyar girki ce ma'ajiyar zare?"

"Tsaya, Maman Rihab, kada ki haɗa su, da su nake gane..."

Ina! Ta riga ta jawo buhun ƙarƙashin gado, ta juye ja, ta juye kore, ta juye sauran duka a kan baƙi da ruwan ƙasa, ta girgiza shi don ya zauna.

"Ga shi nan wuri ɗaya, ya fi tsabta. Ki yi sauri dai, kwana ya ƙare."

Ta tattara tukwanenta ta sauka.

Ni kuma a makon nan ina garin Mansura wurin haihuwar 'yata. Babu wanda zai ara mata ido sai mai mayafin. Wahiba ta yi ta kira daga saman soro har Rihab ta hau, tana taka matakala kamar za a yanka ta, waya a hannu, ango a ɗaya gefen wayar.

"Gwaggo, mene ne kuma? Wurin nan warin kaji yake."

"Zauna, 'yar albarka, ki raba mini zaren nan. Wannan ja ne?"

"Ja ne."

"Wannan fa?"

"Kore."

"Kin duba kuwa?"

"Na duba mana, Gwaggo! Wannan shuɗi, wannan ruwan hoda, shi ke nan? Ana jirana."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wahiba ta ji haka a muryarta, don murya ta wanda yake kallon ka daban take da ta wanda yake kallon wani abu. Amma me za ta yi? Ta jera dunƙulen zaren a gefen katifa yadda aka faɗa mata, ta yi bismillah.

Layukan ƙarshe na irin wannan mayafi su ne mafi tsawo. Ta yi su da ciwon kai mai sa amai, da ido yana zubar da ruwa, tana ganin duniya ta wata 'yar ƙofa kamar ramin allura. Ta yi furannin gefe, ta yi tuntaye. A ranta tana ganin ja yana bin kore, ruwan hoda yana bin shuɗi. Da ta ɗaure zaren ƙarshe sai ta shafa shi tun daga wuya har ƙasa, ba ta ji kuskure ko ɗaya ba. Ta ninke shi yadda ake ninkewa, gefuna a ciki, tsakiya a sama.

Awatif ta aiko aka karɓa. Ta ga tsakiyar nan mai furanni, ta ce masha Allah, ta fesa turare, ta sa a leda mai ƙyalli ta ɗaure da kirtani ja. A gidan nan kaf babu wanda ya ga ya dace ya warware shi ya duba. Tunda ba su dubi mai saƙar ba, ina za su dubi saƙar?

Ranar kai kaya na dawo. Motoci a buɗe, firiji a tsaye kamar ango, yara suna bi da ganga, Awatif tana guɗa har jijiyar wuyanta ta fito. Wahiba tana soro, an ce ta zauna ta huta, kada hayaniya ta dame ta. A sabon gidan mata suka cika falo, ana ɗaga zannuwan gado ana ƙirga tawul da ido. Sai Awatif ta miƙa wa Rihab ledar, Rihab ta durƙusa gaban Hajiya Fikriyya.

"Mama, ga ɗan abin da hannuna ya iya."

Hajiya ta kwance, ta kama kusurwa biyu, ta miƙe tsaye ta warware shi gaban kowa.

Guɗar da aka fara ta mutu a maƙogwaro. Daga wuya zuwa tsakiya lambu ne. Daga nan kuwa sai ruwan ƙasa ya faɗo cikin ruwan hoda, toka ta hau kan kore, furen da ya kamata ya zama ja ya fito rabi shuɗi. Gefen gaba ɗaya, da furanninsa da tuntayensa, baƙi ƙirin. Baƙin da muke yafawa idan an yi mutuwa. Kuma saƙar ba ta da aibi ko na ƙwayar zarra, kowane ɗauri daidai da ɗan'uwansa.

Hajiya Fikriyya ta dubi mayafin, ta dubi Rihab.

"Makokina kike gaggawa, 'yata?"

"A'a wallahi, Mama, ni ban..."

"Ke kika saƙa?"

Rihab ta waiwaya wajen uwarta.

"Tambayarki nake. Idonki biyu garau, ga su nan sun sha kwalli. Mai ido ba ya yin wannan. Wa ya saƙa?"

Wata tsohuwa daga bayan falo ta ce, "Hannun Wahiba ne wannan, ko a kabari na gan shi na gane. Wai ina take ma? An daɗe ba a gan ta ba."

Na ce, "Tana soro tare da kaji, tana jiran idonta ya nuna."

A nan, ku da kuke da zuciya, za ku ce kunya ta kashe Awatif. Ba ku san ta ba. Ta dafa ƙirji, ta fashe da kuka mai sauti.

"Na shiga uku! Da gangan ta yi! Hajiya, yarinyar nan ita ta fara abinta, kin ga ai farkon. Hidima ta yi mata yawa, muka ce gwaggonta ta ƙarasa mata gefe. Ashe baƙin ciki ne a ranta! Wadda ba ta shiga ɗaki ba, ina za ta so wata ta shiga? Mun ci da ita, mun sha da ita, ga sakayya!"

Kuma mata suka karɓa. Wallahi suka karɓa. "Kayya, hassada mugun ciwo." "Tuzuruwa a gida ai sai addu'a." Hajiya Fikriyya ba wawuya ba ce, na ga idonta, ta gane komai. Amma an riga an kai firiji, an biya masu kiɗa, kuma ya fi mata sauƙi ta tsani tsohuwar da ba ta sani ba da ta fasa auren ɗanta. Ta ninke mayafin da yatsa biyu ta miƙa wa Awatif.

"Ku mayar wa mai shi. A sayo mini na kanti."

Shahata ne ya hau soro da yamma, karo na farko. Ya jefa mata shi a cinya.

"Abin da za ki yi mini ke nan, Yaya? A gaban surukai? Da na bar ki a titi da wa zai ce na yi laifi?"

"Me ya faru? Ɗauri ya kwance?"

"Baƙi! Baƙi kika zagaye shi da shi!"

Ta shafa gefen a hankali, fure bayan fure.

"Nan ja ne," ta ce. "Rihab ta ce mini ja ne."

"To yanzu kuma yarinyar za ki ɗora wa?"

Ta ɗago fuska wajen da take jin muryarsa, amma ba daidai ba, ta ɗan kauce hagu, tana kallon bango.

"Shahata, a tsaye kake ko a zaune?"

Ya juya. Ya sauka.

An yi biki, an ci, an yi rawa. Da aka share gida aka mayar da kujerun haya, sai Shahata ya sa sabuwar jallabiya ya kai ta Tanta, yana riƙe da hannunta a tasha yadda kowa zai gani. Likitan ya duba bai daɗe ba. Ya tambaya me ya sa sai yanzu. Shahata ya ce jira suke ya nuna. Likitan ya dube shi kamar zai tofa masa yawu, ya ce idon dama ya mutu, na hagu kuma abin da ya rage bai wuce ta bambanta rana da dare ba.

A wurin mai shayi Shahata ya ce, "Mun yi iya ƙoƙarinmu, har babban asibiti na kai ta. Abin da Allah ya rubuta ba likitan da zai goge." Aka ce masa Allah ya ba da lada, irinka ba su da yawa.

Allah kuma aka ɗora wa. Shi ne ya juye zaren a buhu, ko shi ne ya ce ja ne bai duba ba? Mutum ya cinye idon 'yar'uwarsa ɗanye, ya suɗe hannu, sannan ya ɗaga kai sama ya ce ƙaddara. Mu kuma da muka ji, muka gani, muka ce a bari a gama biki, kada mu yi saurin wanke namu hannun.

Ga yadda kowa ya ƙare. Rihab tana gidan mijinta da 'ya'ya biyu, surukarta ba ta taɓa ba ta ko tsumma ta ɗinke ba. Hajiya Fikriyya tana yafa na kanti. Shahata ya je Hajji, ya faɗaɗa shago, a sahun gaba yake salla. Ɗakin Wahiba na ƙasa ba a mayar mata ba, don an fara tara kayan Basma, ƙanwar Rihab. Wahiba tana soro, idan sanyi ya shigo tana yafa mayafin nan, shi ne abu na farko da ta saƙa ya zauna a jikinta. Awatif kuwa ta gano cewa makauniya tana saƙa daidai matuƙar ba a ba ta launi biyu ba. Yanzu farin zare kawai take sayo mata, buhu guda. Kayan Basma duk farare ne, kuma mata suna ta yabawa, wai yarinyar ta san yayi.

Ƙurunƙus. Ku tashi ku ba ni wuri, raina ya ɓaci.